Wa Ke Buɗe wa Motoho Keji?

Abu na farko da Motoho ya ci a gidan Ntate Khoabane shi ne tsinin malafa. Kuma ba malafar zuwa gona ba, ta fita kunya, wadda tsohon yake ɗorawa a ka in za shi taron gari. Mamosa ta taso da rana daga kantin maganin da take aiki a cikin garin Mafeteng, ta tura ƙofa, sai ga ɗan kwikwiyonta zaune a tsakar ɗaki, ciyawa a baki, ciyawa a kunne, yana kaɗa wutsiya kamar wanda ya yi aikin lada. Kejin wayar da ta kulle shi a ciki da safe yana nan a gefe, ƙofarsa a wangale.

"Motoho, ka kashe ni," ta ce, ta ɗora hannu biyu a ka. "Duk tarkacen gidan nan ka rasa abin ci sai malafar Ntate?"

Ko tsince ɓarnar da hannu ba ta da ikon yi. Ntate Khoabane, wato Baba Khoabane a yarensu, surukinta ne, uban mijinta Tankiso, matar ɗa kuwa ba ta taɓa abin da suruki yake sawa a jikinsa, ba ta taka ɗakinsa, ba ta kama sunansa ko a mafarki. Da tsintsiya ta share gawar malafar a kan wani kwali, ta kai bakin ƙofarsa ta ajiye, ta koma kicin tana jiran abin da zai biyo baya.

Ba ta daɗe tana jira ba. Tsohon ya dawo daga wajen dara, ya tsaya a kan kwalin, ya dubi malafa, ya dubi kare. Sannan ya juya ya fuskanci bango, don shi ma ba ya tsayawa gaba da gaba da matar ɗansa.

"Kare a cikin ɗaki," ya ce wa bango. "Kare da kwanonsa, kare da katifarsa, kare da ɗakin waya sai ka ce aku. A zamaninmu kare yana kan dutse yana bin tumaki. Allah ya nuna mini ranar da zan ga ƙeyar wannan abu."

Motoho ya ɗauka yabo ne, ya je ya lashi takalminsa.

Haka zaman gidan yake. Tankiso yana aikin gini can a birnin Bloemfontein, sai yammacin Juma'a yake dawowa, Lahadi ya koma. Da can uwarsa ce gadar da magana take bi ta haye: Mamosa ta gaya mata, ita ta gaya wa tsoho, amsa ta dawo ta hanyar da ta bi. Tun da ta rasu, gidan ya zama na mutum biyu masu girmama juna har girmamawar ta toshe musu baki. In abinci ya nuna, Mamosa ta jera a tebur ta yi ɗan tari. In tsoho ya ci ya ƙoshi, ya mayar mata da nasa tarin. Tari shi ne sallamarsu, shi ne sannu da aikinsu, shi ne sai da safensu.

Ga shi kuwa Mamosa mace ce mai baki. A gidan ubanta rediyo ake ce mata. Shirun nan ya ishe ta, har takan tsinci kanta tana ba tukunya labari. Saboda haka ranar da wata mata ta shigo kanti da 'yan kwikwiyo a cikin kwali tana neman mai so, Mamosa ba ta yi shawara da kowa ba, ta zaro ɗaya mai launin kunun dawa ta sa masa Motoho, wato sunan kunun a yarensu. Tun daga ranar ta sami abokin hira. Tana tuƙa tuwon masara tana gaya masa wanda ya zo sayen maganin tari ya tsaya yana ciniki kamar a kasuwar tumaki, shi kuma yana karkata kai yana saurare. Ba ta ɓoye wa kanta ba, tana son karen nan so na gaske.

Kejin kuwa shawarar ma'aikaciyar asibitin dabbobi ce. Ta ce kwikwiyo mai ƙaiƙayin haƙori ba a barinsa shi kaɗai yana yawo a gida. In za a fita a sa shi a keji da ruwansa da ƙashinsa, na rabin wuni kawai, har ya yi hankali. Mamosa ta bi maganar sau da ƙafa. Kullum da safe ta sa shi, ta tura sakata, ta girgiza ƙofar ta tabbatar. Kullum da rana ta dawo ta tarar da shi a waje.

Bayan malafa ya ci dunduniyar dogon takalmin roba. Bayan takalmi ya gurguri kan sandar tsohon har ta fita kamanninta. Abin da ya fi ɗaure mata kai, ga takalmanta nan a bakin ƙofa, ga silifas ɗin Tankiso, ga tsumman goge ƙasa, ko shinshina su ba ya yi. Sai kayan Ntate, kamar da gayya.

Da Tankiso ya dawo ya ji labari, dariya ya yi har da riƙe ciki. Shi mutum ne da komai abin dariya ne a wurinsa. Ya durƙusa gaban kejin yana tura sakata yana janyewa.

"Nuna mini yadda kake yi, ɗan gari. Da hanci ne ko da ƙafa? Mamosa, wannan karen naki in ya girma banki zai fasa."

"Kai dai yi ta dariya. Ni ce nake share gawar kayan Ntate da tsintsiya."

"To ki ɗaure sakatar da waya mana. Mu ga ƙaryar gwaninta."

Ya saya wa ubansa sabuwar malafa, ya koma bakin aikinsa.

Ta ɗaure da waya. Ta murɗa, ta sake murɗawa har yatsunta suka yi ja. Da ta dawo, Motoho yana kwance a kan kujera yana ƙarasa maratayin rediyon Ntate. Ta duba ƙasa ko za ta ga guntayen wayar, babu. Ta leƙa ƙarƙashin keji, babu. Ta ce ko haɗiyewa ya yi, ta buɗe bakinsa tana dubawa. Sai da ta je rataye jakarta a bayan ƙofa ta ga wayar. An warware ta, an miƙar da ita, an naɗe ta zagaye tsaf, an rataye a ƙusar da tsohon yake tara wayoyinsa. Duk Mafeteng an san Ntate Khoabane ba ya wuce guntun waya a hanya bai sunkuya ya ɗauka ba.

Mamosa ta tsaya tana kallon ƙusar nan. Ta dubi Motoho, ta dubi ƙafafunsa huɗu da ba su da yatsun naɗe komai. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Washegari ta kulle keji, ta ɗaure da sabuwar waya, ta yi tarinta na sallama, ta fita har ta buga ƙyauren gida da ƙarfi. Sannan ta zagaya ta bayan lambun kabeji, ta laɓe a gindin tagar kicin. Ta san abin da take yi ba na 'yar mutunci ba ne, kunya ta kama ta har kunnuwanta suka yi zafi. Amma ba ta tashi ba.

Ƙofar ɗakin tsoho ta buɗe. Ya leƙo dama, ya leƙo hagu. Sai ga shi yana sanɗa, mutumin da in yana tafiya a gari yara suke matsawa gefe. Ya zauna dirshan a ƙasa gaban keji, gwiwoyinsa suna ƙara.

"To, ɗan fursuna, mai gadi ta tafi," ya ce. "Yi shiru, yi shiru, ga ni nan. Kai, dubi ɗauri! Yarinyar nan da ta yi aikin ramin haƙar zinariya da an ba ta shugabanci."

Yatsunsa suka warware wayar kamar ana kwance zare. Motoho ya yi tsalle ya faɗa cinyarsa, ya cusa kai cikin bargonsa, ya fito da ɓawon burodi a baki. Da gani ya san inda ake ajiye masa.

"Ci, ɗan nema. Ka san ramin zinariya na Welkom? Ina za ka sani, jiya aka haife ka. Kullum da asuba a cusa mu cikin kejin ƙarfe, mutum a kan mutum, a rufe, a zura mu cikin ƙasa. Wata rana ya tsaya da mu a tsakiya. Ba mu sama, ba mu ƙasa. Wuni guda muna tsaye cikin duhu, ƙato da gemunsa yana kiran uwarsa. Ranar na yi alkawari, in na fita, ba mai rai da za a rufe a gabana in wuce in bar shi. Ko kai, mummuna, da kunnuwanka kamar ganyen kabeji."

Ya ba shi ɗan yatsa yana gurgura, yana cewa wayyo, bai kuma janye ba.

"Amma kada ka gaya wa uwar ɗakinka. Ba da mugunta take yi ba, 'yan boko ne suka hure mata kunne. Yarinyar kirki ce. Da ba ta gidan nan da tuni na bi tsohuwata. Tuwonta ma," ya rage murya, ya waiga, "ya fi na marigayiya laushi. Wannan in ka faɗa, ni da kai ne."

A gindin taga Mamosa ta toshe bakinta da gefen mayafi. Dariya tana turowa, hawaye yana turowa, ta rasa wanne za ta bari ya fita. Tun da aka kawo ta gidan nan aka yanka mata tunkiya aka sa mata sunan gidan miji bisa al'ada, ba ta taɓa sanin abin da mutumin nan yake gani game da ita ba. Ta ɗauka haƙuri kawai yake yi da ita. Daɗin da ta ji a gindin tagar nan ya fi na ranar aurenta.

Can tsohon ya miƙe, ya naɗe wayar, ya rataye a ƙusa, don hannunsa ba ya iya yin wani abu daban da waya. Ya ɗora sabuwar malafa, ya ɗauki sandarsa mai gurgurarren kai, ya fita wajen dara. Ƙofar ɗakinsa kuwa, kamar kullum, bai ja ta ta rufu ba.

Motoho ya bi shi har bakin ƙofa. Ya yi ɗan kuka, ya karci ƙyaure, ya zauna, ya sake tashi. Da ya ga ba mai dawowa, sai ya shige ɗakin tsohon, ya fito yana jan safa ɗaya. Ya kai ta daidai inda mutumin ya ɓace masa, ya kwanta a kai, ya cusa hanci a ciki, sannan ya fara tauna a hankali. Nan Mamosa ta gane. Ashe ba gayya ba ce, kewa ce. Wanda ya fita a ƙarshe ya bar shi, ƙamshinsa yake nema.

Ta tafi aiki a makare tana murmushi ita kaɗai a hanya. Ta ce a ranta a bar kaza cikin gashinta. In dai safa ce kuɗin wannan zumunci, ai da araha.

Ba ta san bargo ne a layi ba.

Ranar Juma'a tsohon ya fito da babban bargonsa daga akwati ya shimfiɗa a gado ya sha iska, don akwai bikin da za shi. Bargon nan mai zanen masara ne, mai nauyi, wanda marigayiya ta saya masa shekarar da ya bar aikin rami. Da shi ya je neman auren Mamosa wa ɗansa, da shi ya raka matarsa kabari. Mamosa ta dawo ta tarar an jawo shi har tsakar ɗaki, kusurwa ɗaya ta zama zare-zare, Motoho yana barci a kai cikin kwanciyar hankali. Ba ta iya ko ɗaga bargon daga ƙasa ba. Ta ɗauke karen kawai, ta zauna a bakin kicin.

Wannan karon tsohon bai yi wa bango magana ba. Ya tattara bargonsa, ya zauna da shi a cinya yana shafa wurin. Da yamma Tankiso ya shigo da ledar nama yana fito, ya ga bargon, fiton ya tsaya.

"Wannan kuma ba abin dariya ba ne," ya ce. "Malafa ana saye. Wannan a ina zan samo shi? Mamosa, na gaji. Jibi Lebenya zai hau dutse ya kai wa makiyaya garin tuwo. Zan kira shi ya biyo ya tafi da karen nan."

Lebenya ɗan ƙanen tsohon ne, yana da a-kori-kura, shi yake kula da rugar tumakin dangi a can saman tsaunuka.

"Tankiso, jariri ne fa. Can ƙanƙara take sauka. Manyan karnukan ruga ko loma ɗaya ba za su yi da shi ba."

"Ai gara ya koyi zama kare. Ntate, ba abin da kuke faɗa ke nan tun farko ba?"

Tsohon bai ɗago ba. "Haka na ce," ya amsa, muryarsa can ƙasa.

Mamosa ta shiga tsaka mai wuya. In ta gaya wa mijinta gaskiya, ta san halin kayanta, bakin Tankiso ba ya riƙe ruwa. Zai fashe da dariya, ya je ya tsokani ubansa, kafin a tashi daga coci ranar Lahadi duk gari ya ji cewa Ntate Khoabane yana zama a ƙasa yana hira da kwikwiyo. Tsoho mai girman kai irinsa, don ya wanke kansa, da hannunsa zai jefa karen a mota. In kuma ta yi shiru, Motoho ya tafi, gida ya koma tari da tari. Zuwa ta tsaya gaban suruki ta ce ku ne kuke buɗewa, wannan ko a mafarki ba ta isa ba.

Ranar Asabar ta gwada lallashi. "Bari in sayo kwaɗo mai makulli."

"Karen da yake kwance waya, kwaɗo ne zai gagare shi? Ki bar maganar nan."

Ta lura tsohon bai je dara ba ranar. Tuwon ma rabi ya ci, tarin da ya mayar mata kuwa ba shi da ƙarfi ko kaɗan. Ta ga yana ta zagaya kejin, ya buɗe baki kamar zai yi wa ɗansa magana, sai ya rufe. Girma ya riƙe masa harshe kamar yadda kunya ta riƙe nata.

Da hantsin Lahadi a-kori-kurar Lebenya ta tsaya a ƙofar gida da buhunan gari a baya. Ntate Khoabane yana zaune a benci jikin bango yana shan rana, ya yafa bargon nan, ya naɗe yagaggiyar kusurwar ciki. Lebenya ya gaishe shi, ya dubi Motoho ya kwashe da dariya.

"Wannan ne ɗan ta'addan? Ni na ɗauka zaki zan ɗauka. Mamosa, ɗaura masa igiya, hanya da nisa."

Mamosa ta durƙusa a tsakar gida, nesa da bencin daidai yadda ya kamata, amma ba nesan da murya ba za ta kai ba. Ta zura igiya a wuyan karen. Ta kama fuskarsa da tafin hannu biyu, ta yi ta maza.

"Motoho, tsaya in yi maka sallama. Can kan dutse babu keji, ta nan ka huta. Amma ka sani, babu mai ɓoye maka ɓawon burodi a cikin bargo. Babu mai ba ka labarin ramin Welkom. Ka yi ta neman safa, ba za ka samu ba."

"Wane Welkom kuma?" in ji Tankiso. "Ke, rana ce ta taɓa ki?"

Ba ta kula shi ba. "Kuma Motoho, wanda ya gaya maka tuwona yana da laushi, ban san ko wane ne ba, ba kuma na tambaya. Amma in ka gan shi kafin ka tafi, ka ce na gode. Ka ce tun da na shigo gidan nan ban ji maganar da ta yi mini daɗi kamarta ba."

Mamosa ta kafa ido a ƙasa. Ta yi hannunka mai sanda ga mutumin da ko inuwarsa ba ta takawa. In ya ɗauka raini ne, ta rasa kare, ta rasa mutunci.

Tsohon ya yi tari. Ba irin na bayan cin abinci ba, wani dogo ne, mai tsayawa a hanya. Ya gyara malafa. Ya sake gyarawa.

"Motoho," ya ce. "Zo nan."

Igiya ta suɓuce daga hannun Mamosa. Karen ya ruga, ya yi tsalle ɗaya ya haye cinyar tsohon, ya cusa kai cikin bargo daidai wurin da ya saba.

"Dubi munafuki!" in ji Tankiso. "Ya san laifinsa, yana neman gafara."

Ntate Khoabane ya ɗaga kunnen karen ɗaya, ya yi magana a ciki, amma da muryar da ta isa ko'ina. "Ka je ka gaya wa uwar ɗakinka, laɓewa a gindin taga ba halin 'yar manya ba ne. Kabejin da ta tattake ma nawa ne." Ya dakata. Gemunsa yana motsi. "Ka kuma gaya mata, maganar da ta ji, an faɗa, ba a janye ba."

Kafaɗun Mamosa suka fara rawa. Ta ja mayafi ta rufe fuska. Lebenya ya dubi Tankiso, Tankiso ya dubi Lebenya, kowa yana jiran ɗan uwansa ya fassara masa.

"Ntate, ni fa ban gane ba. A sa shi a mota ko kuwa?"

"Bargon wa aka ci?"

"Naku, Ntate."

"To wa ya kawo maka ƙara?"

"Ai ku ne kullum kuke cewa..."

"Da bango nake magana. Kai bango ne?" Tsohon ya buga sandarsa a ƙasa. "Wanda ya ci bargon mutum ba a sallamarsa ya hau dutse ya sha iska. Biya zai yi. Daga gobe ƙafata ƙafarsa. Shi zai raka ni wajen dara, ya zauna ya ji ƙaryar tsofaffi daga safe har rana. In wannan bai hora shi ba, ba abin da zai hora shi. Wancan kurkukun kuma ka ɗauko filaya ka cire masa ƙofa. Mai son kwana a ciki ya shiga da ƙafarsa."

"Ni kuma man da na ƙona fa?" in ji Lebenya.

"Motoho, ka ce a zuba wa wannan mai surutun tuwo, ya ci ya kama hanya."

Mamosa ta miƙe da sauri ta nufi kicin. Sai da ta shiga ta rufe ƙofa sannan ta saki dariyar da ta riƙe tun ranar taga, har ta zauna a kan buhun gari.

Daga ranar aka daina ɓarna a gidan. Kare da ya wuni a gindin bishiyar turare yana gurgurar ƙashin da mahauci yake jefa masa, in ya dawo ba abin da yake nema sai wurin kwanciya. Kejin da ba ƙofa kuwa ya zama ɗakinsa na so, da kansa yake shiga ya miƙe ƙafa. Sau ɗaya dai ya cinye igiyar takalmin wani abokin darar, Ntate Khoabane ya ce ai mutumin ya daɗe yana satar ci, hukunci ne ya same shi. Bargon kuwa, tun da Mamosa ba ta da ikon taɓawa, shi ya ɗinke abinsa da jan zare, ɗinki manya-manya a karkace, ya yafa ya tafi biki a haka. Tankiso har yau yana ba abokan aikinsa labarin karensa mai kwance waya ya naɗe ya rataye a ƙusa, yana rantsuwa, ba kuma wanda ya gyara masa.

Tari ya ragu a gidan. Motoho ya zama ɗan aike, aiki har ya yi masa yawa. Motoho, ka ce ruwan wanka ya yi zafi. Motoho, ka tambaya ko an ga tabarauna. Motoho, ka ce yana kan goshinsu.

Wata rana cikin sanyi, Mamosa ta jera tuwo da miyar ganye a tebur, ta koma bakin kicin.

"Motoho, tambayi Ntate ko a ƙaro miya."

"Ka ce a ƙaro," in ji tsohon. "Ka ce kuma ta kawo kwanonta nan kusa da hita. Kicin ɗin nan sanyi gare shi."

Ta kawo miya. Ta ɗauko 'yar kujera ta zauna can ƙarshen ɗaki, ta ba shi gefe kamar yadda ya dace, kwanonta a cinya. Abinci ya shiga, baki ya buɗe.

"Motoho, ba ka san abin da ya faru a kanti yau ba. Wata mata ce ta zo, wai a ba ta maganin da zai hana mijinta minshari. Na ce ina mijin? Ta ce ai shi lafiyarsa ƙalau, barcinsa yake sha, ita ce ba ta runtsawa. Na ce to Mme, uwata, ai ke ce marar lafiyar."

Tsohon ya yi dariya har ya ƙware, ya kurɓi ruwa. Mamosa ta ɗaga kai don ta ci gaba, sai idonta ya faɗa kan taga. Can a tsakar gida, jikin bangon da rana take bugawa, ga Motoho kwance ya baje, ƙashi a tsakanin ƙafafunsa, yana barcin da ya yi nisa. Tun kafin a sauke tukunya yake can.

Ta saci kallon surukinta. Shi ma tagar yake kallo.

Ntate Khoabane ya gutsuri tuwo, ya dangwali miya. Sannan ya sunkuyar da kai ya dubi ƙarƙashin tebur, inda babu komai sai tabarma.

"Ci gaba, Motoho, muna jinka," ya ce. "Sai matar ta ce me?"